Abinci muka zo ci, ba jarrabawar waya ba

Wallahi har yanzu raina bai huce ba. Ranar Asabar Kawu ya zo Kano ganin likitan ido, muna fitowa daga asibiti na ce yau dai sai na kai shi ya ci abin kirki. Na zaɓi wani gidan abinci da na shekara uku ina zuwa, wurin da har masu gadi sun san motata.

Mun zauna, babu takardar jerin abinci ko ɗaya. Sai wani ɗan katako a tsakiyar tebur, an manna masa zanen nan na QR mai kama da sawun kaji, wanda ake haskawa da kyamarar waya a ga jerin abinci. Kawu ya dubi yaron da ke kai abinci ya ce, "Samari, me kuka dafa yau?" Buɗar bakin yaron sai cewa ya yi, "Baba, yana cikin waya." Dattijo ya ciro 'yar wayarsa mai madannai, wadda ko kyamara ba ta da ita, ya jujjuya ta, ya mayar aljihu bai ce uffan ba. Wannan shirun ne ya fi ƙona mini rai.

Na ciro tawa na haska. Sabis ya ce bai san zancen ba. Abu yana ta juyi, hotuna manya-manya suna buɗewa rabi-rabi, datata tana tsiyaya, datar da tun Janairun 2025 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan farashinta muke lallaɓa ta kamar ƙwai. Da ya buɗe kuma, wai sai na saka lambar wayata kafin in ga abinci. Me ya haɗa lambata da miyar taushe? Rubutun duk Turanci, ƙanana kamar ƙwayar gero. Haka na zauna ina karanta wa mutumin da aka ɗiga wa magani a ido ɗaya bayan ɗaya, har tuwon shinkafa sai da na fassara masa.

Muka zaɓa, muka jira kusan rabin awa. Sai ga yaron ya dawo yana sosa ƙeya: taushe ta ƙare tun azahar. To ina amfanin wayar? Farfesun da muka koma kansa ma, da aka kawo lissafi ya ɗara abin da na gani a allo. Wai "ba a sabunta ba". Kun ji fa.

Wannan zane kamfanin Denso Wave na Japan ne ya ƙirƙiro shi a 1994 don bin sawun kayan gyaran mota a masana'anta, ba don mai jin yunwa ba. Korona ce ta cusa shi gidajen abinci a 2020, lokacin da kowa ke tsoron taɓa takardar da wani ya taɓa. Takunkumin fuska kowa ya cire, shi ya sa na san yau ba lafiyarmu ake ji ba. Farashin shinkafa da gas ne ba ya kwana inda ya wuni, masu gida suka gaji da buga sabuwar takarda. Ban ga laifinsu nan ba, ni ma kasuwa nake ci. Amma in saurin sauya farashi ne hujjarku, ku sauya mana! Ku goge abin da ya ƙare. Ku ajiye takarda biyu ko allo da alli saboda irin su Kawu. Ku bar yaranku su san abin da ke tukunya.

Na nemi manaja, aka ce ya fita.

Washegari wajen Hajiya mai tuwo ta bakin layinmu na kai shi. Tun kafin mu zauna kan benci ta jero mana: akwai kuka, akwai kuɓewa ɗanya, taushe saura ludayi biyu. Ta dubi idon Kawu ta ce, "Baba, kar a sa maka yaji ko?" Sai da ya nemi ƙari. Baƙin ofishinmu da nake kaiwa wancan gidan duk ƙarshen wata, na riga na gaya wa Hajiya ta ƙara sanwa.