Wa kuka rubuta wa wannan takarda?

Kwalbatin bakin layinmu ya rufta tun daminar bara. Masu kurar ruwa sun daina shigowa, masu adaidaita ma haka. In naƙuda ta kama mace da dare sai an tallafo ta har bakin titi. Duk lokacin da muka tare kansilanmu, amsarsa ɗaya ce: "An sa shi a kasafi." Na ce to, gani ya kori ji, bari in taka sakateriyar ƙaramar hukumarmu da ƙafata.

A allon sanarwa na tarar da shafi huɗu an manna da gam, rana ta koɗar da su, gefe ɗaya ma gara ta fara ci. Wai taƙaitaccen bayanin ayyukan wata uku ke nan. Da Turanci, kuma ba irin wanda muka koya a makaranta ba, Turancin akawu ne mai juya baki. Kowane layi ya fara da lamba doguwa kamar lambar waya, sai wasu haruffa a dunƙule, sai kuɗi da jerin sifili. Da ƙyar na gano layin da ya shafe mu, abin da yake nufi shi ne "gyaran hanyoyi da magudanai a wurare daban-daban." Wurare daban-daban! Wace mazaɓa? Wane layi? Wa aka ba kwangilar? An biya shi ko ba a biya ba?

Ina nan tsaye wani dattijo ya matso, ya ce, "Malam, duba mini, rijiyar burtsatsen garinmu tana ciki?" Ni da na yi shekaru ina koyar da lissafi, na bi takardar da yatsa sama da ƙasa, na ce, "Baba, wallahi ban iya gaya maka." Ya yi murmushi ya ce da ma ya san za a rina. Masinjan da ke zaune a benci kuwa cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, mu ma cewa aka yi mu manna." Mai bayanin fa? Ya tafi taro babban birnin jiha, a dawo jibi.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, kuɗin da ke shigowa ba ɓoyayye ba ne. Kowane wata ana zaman rabon arziƙin ƙasa, ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya, kuma ana buga abin da kowace ta samu. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, muka yi ta murna. Shigowa a fili, fita a duhu. Alhali tsarin mulkin 1999 ya jera aikinsu ƙarara: kasuwa, tasha, maƙabarta, kwashe shara, magudanar ruwa. Wanne ne a ciki Hausa ba ta da sunansa?

Kada ma a ce mini ba su iya ba. Ranar karɓar kuɗin rumfa, da Hausa tsantsa ake zagaya kasuwa da lasifika. Lokacin zaɓe har kirari da karin magana. A shafinsu na Facebook hoton mai girma ciyaman ya fi ashirin, yana yanka kirtani, yana gaisawa da manya, amma ba ko layi ɗaya da ya ce aikin nawa ya ci. Sai an zo kan kuɗinmu harshe yake karyewa. Ni dai ban yarda kuskure ba ne. Wanda ya rubuta "wurare daban-daban" ya san ba wanda zai iya kama shi da wuri guda.

Shafi ɗaya ya ishe mu, da Hausa, a sa da ajami saboda irin su Baba: ga abin da ya shigo, ga na albashi, ga aiki kaza a unguwa kaza, kuɗinsa kaza, ɗan kwangila wane, za a gama wata kaza. A ba masu unguwanni, a karanta a rediyo, a manna a ƙofar asibiti da bakin kasuwa.

Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ofishin gwamnati kwana 7 ya amsa wa mai tambaya. Na rubuta tawa wasiƙar, da Hausa, kuma tambaya ɗaya ce a ciki: kwalbatin layinmu yana cikin wuraren nan daban-daban ko ba ya ciki? Ranar Litinin zan kai, ga shi har hadari ya fara haɗuwa a gabas.