Aiki Biyu Ba Daga Zaman Gida Ya Faro Ba

Shugabannin kamfanoni da yawa sun ɗauka cewa barin ma'aikaci ya yi kwana biyu ko uku yana aiki daga gida shi ne ya haifar da neman aiki na biyu a ɓoye, don haka maganin shi ne a dawo da kowa ofis. Wannan fahimtar ba daidai ba ce. Tun kafin annobar korona, malamin makaranta na tashi daga aji ya wuce koyar da yara darasin yamma, akawu kuma na yi wa ɗan kasuwa lissafi da daddare. Albashi ne bai kai ƙarshen wata ba.

A Indiya, cikin 2022, kamfanin fasahar kwamfuta na Wipro ya sallami ma'aikata kusan 300. Sai dai laifinsu shi ne suna yi wa kamfanonin da ke gogayya da Wipro aiki a lokaci guda, wato cin amana ne ƙarara. A shekarar ce kuma Swiggy, kamfanin kai abinci gida, ya fito da ƙa'ida a rubuce: ma'aikaci na iya yin wani aiki bayan ya tashi, muddin bai ci karo da na kamfani ba. Infosys, wani kamfanin fasahar kwamfuta, shi ma daga baya ya sassauta, da sharaɗin samun izinin manaja.

Abin da ke damuna shi ne, idan aka ƙwace ranakun gida don tsoron kada mutum ɗaya ya yi aiki na biyu a ɓoye, ƙwararren da ke da inda za a karɓe shi gobe shi ke fara miƙa takardar barin aiki.