Dangwale a Zauren Surukai

Waɗanda suka san gidanmu sun san cewa tun bayan rasuwar Yaya ni ake turawa gaba a duk wata hidimar auren 'ya'yansa, ba don na fi sauran hankali ba, sai don ina da babbar riga ta fita kunya, kuma bakina ba ya rawa a gaban manya. A damunar 2024 aka haɗa ni da Baffa da wasu dattawa biyu, aka ce mu je mu nema wa babban ɗan marigayin aure a gidan nan na bayan tsohuwar tasha. Muka ɗauki goro da alewa da kuɗin gaisuwa muka tafi.

Lokacin ya zo daidai da tashen Hamster Kombat, wasan nan na cikin Telegram da aka buɗe a watan Maris na shekarar, inda ake nuna maka wani ɗan ɓera mai kumatu a tsakiyar da'ira, a ce wai shi ne shugaban kamfanin hada-hadar kuɗin kirifto, kai kuma aikinka shi ne ka yi ta dangwala masa yatsa sulalla suna taruwa. Babu tsere, babu harbi, babu wata dabara da za a zauna a koya, kuma ba ya bukatar babbar waya, domin duk wadda za ta iya ɗaukar Telegram ta wadatar.

Ina so a fahimci cewa ban shiga da garaje ba. Kafin shi an yi wani wasan dangwale irinsa mai suna Notcoin, wanda ya fara a watan Janairu, kuma ina cikin waɗanda suka fi kowa yi wa yaran unguwa dariya idan na gan su a bakin titi kowa ya sunkuyar da kai yana dukan gilashin waya. Ranar 16 ga Mayu aka fara cinikin sulallan nasu a manyan kasuwannin kirifto, yaran suka ce ta fashe, kuma da idona na ga waɗanda ko kuɗin aski sai an ba su sun canza waya. A shekarar da dala ta haura naira 1,400, shekara guda bayan cire tallafin man fetur, magidancin da ya ga haka bai ji komai a ransa ba sai dai mu ce Allah ya ƙara masa wadatar zuci. Daga ranar nan dariya ta ƙare a unguwarmu, kowa ya koma tambayar wace ce za ta fashe nan gaba.

Waɗanda suka tsara wasan kuwa sun san halin ɗan Adam. A lokacin, idan ka gayyato wani ta linkinka, ana ba ka sulalla, shi ma a ba shi, saboda haka kowane ɗan wasa ya zama ɗan talla ba tare da albashi ba, kuma mutanen da rabonka da su tun makarantar firamare suka fara tuna zumunci. Kullum akwai kati uku da ake kira kombo, wanda ya dace da su ya sami sulalla miliyan 5, sannan akwai kalmar sirri da ake bugawa da salon wayar tangaraho, taɓi gajere da dannawa mai tsawo, ita kuma miliyan 1. Ba wanda yake wahalar nemo su da kansa, sai dai a jira wani ya saka a WhatsApp, don haka wasan da mutum yake yi shi kaɗai ya zama abin hirar majalisa. Babban tarkon shi ne ribar awa. Katunan da ka saya suna tara maka sulalla ko ba ka nan, amma na awa uku kawai, daga nan su tsaya cik sai ka leƙo. Haka muka koma tashi cikin dare kamar masu jego. Masu wasan sun ce zuwa ƙarshen Yuli sun tara mutum miliyan 300, adadin da ya zarce yawan 'yan Najeriya gaba ɗaya, don haka duk mai son yi mini dariya ya fara da sauran.

To, mun isa gidan bayan azahar muka tarar maigidan ya tafi ta'aziyya. Aka shimfiɗa mana darduma a zaure, aka kawo ruwa da lemo, muka yi ta jira har aka yi la'asar. Da aka hallara, Baffa ya buɗe da gaisuwa, kuma kun san gaisuwar Baffa, sai da ya bi dangin gidan ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka rasu a zamanin Sardauna. Ni kuwa lissafi nake yi a zuci. Rabona da leƙa wayar tun kafin azahar, awa uku ta daɗe da cika, ga kalmar sirrin ranar ban buga ba. Sai na janye hannun dama cikin babbar riga, na ɗora wayar a kan cinya, na rage haske, na sunkuyar da kai cikin ladabi ina leƙawa ta wuyan riga. Gajere, gajere, dogo. Gajere, dogo. Da na gama da kalmar na ga ƙarfin dangwale a cike yake, sai na ce bari in rage shi kaɗan tunda an riga an fara.

Ban san kakan yarinyar yana kallona ba. Tsoho ne mai almajirai, wanda idan ya yi gyaran murya zauren yake yin tsit. Bayan an karɓi goro, an ce an ba mu, sai ya ɗaga hannu ya nuna ni.

“Ku samarin da ke bakin ƙofa, ku yi koyi da wannan bawan Allah. Tun da muka zauna nake lura da shi. Bai sa baki a surutu ba, kansa a ƙasa, hannunsa a cikin riga, yatsansa bai huta da lazimi ba. Irin gidan da ake ba wa 'ya ke nan. Malam, kai za ka rufe mana da addu'a.”

Na ce, “Allah ya gafarta Malam, ga manya a wurin, ni wane ne?”

Baffa ya zungure ni da gwiwar hannu, fuskarsa cike da alfahari, ya ce, “Yi mana, ai girmama ka aka yi.”

Na sha maimaita wannan daƙiƙar a raina, kuma har yau ban ga ta inda mutum zai fita ba. Addu'a ba a yin ta da hannu ɗaya a ɓoye. Aljihun rigar yana can sama a ƙirji, kai hannu gare shi a gaban idanu sama da ashirin tonon asiri ne. Na yanke shawarar in bar wayar a kan cinya in matse ta da ɗaya ƙafar, in fito da hannu a hankali. Shadda kuwa sabuwa ce, ta sha bugu, santsi gare ta. Ina ɗaga hannuwa, ina cewa a yi salati ga Annabi, sai na ji abu yana zamewa. Ta bi cinya, ta bi gwiwa, ta fito ta ƙarƙashin riga, ta tsallake bakin darduma, ta sami simintin zauren, ta yi juyi, ta tafi sululu har gaban farantin goro, ta tsaya fuskarta a sama. Hasken da na rage bai hana kowa ganin ɓeran ba, yana zaune cikin da'irarsa yana murmushi.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce waya ce ta faɗi, kuma waya tana faɗuwa daga jikin kowa. Amma yaron nan mai shagon caji yana wurin. Ban taɓa sanin yana da dangantaka da gidan ba, ashe ɗan ƙanwar maigidan ne, shi aka sa ya raba lemo. Ya taso da sauri, ya durƙusa, ya ɗauki wayar da hannu biyu, ladabin da ban taɓa gani a wurinsa ba a duk shekarun da nake kai masa caji. Abin da ya rage masa kawai ya ce, “Baba, ga wayarka.” Sai ya tsaya ya duba.

“Kai, Baba, har yanzu a nan kake? Ribarka ta awa ko dubu ɗari ba ta kai ba. Ai na gaya maka yanzu ba dangwalen ake bi ba, kati ake saye.” Sannan ya juya ga jama'a, hannuwana har lokacin suna sama, ya ƙara da cewa, “Ni na gayyace shi.”

Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ba zan yafe ba. Da farko dai ba gayyata ta ya yi ba, karɓar wayata ya yi da sunan caji ranar da aka kwana biyu babu wuta, na dawo na tarar ya buɗe mini wasan da linkinsa, ya ce kyauta ce. Haka ya yi wa mai shayi, haka ya yi wa mai faci, haka ya yi wa matan layinmu da suke aiko yara da wayoyinsu, har aka ce akwai tsohuwar da ba ta san tana maining ba, wato tara sulallan wasan, sai da jikanta ya gaya mata. Duk wayar da ta shiga shagonsa sai ta fito da ɓera. Shi ya sa ribarsa ta awa ta fi ta kowa a unguwar, ba wai don ya fi mu basira ba. Na biyu kuma, mutumin da ya ci sulalla a kaina bai kamata ya zama shi ne mai shelar talaucina a gaban surukai ba. Na uku, lissafin nasa ma ba daidai ba ne, domin da safen ranar na sayi kati biyu, kuma da ya duba da kyau da ya ga ta haura abin da ya faɗa.

Tsohon ya sa tabarau, ya karɓi wayar, ya nisanta ta da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaya ko ɓera ne wannan. Aka ce masa ɓera ne. Ya tambaya ko shi nake ta shafawa tun ɗazu. Babu wanda ya amsa. Sai wani ƙanin maigidan, mutum mai furfura a gemu, ya matso kusa da mai cajin ya tambaye shi a hankali, amma ba a hankalin da zai hana mu ji ba, ko kombon yau ya fito. Samarin bakin ƙofa suka fashe da dariya, uku daga cikinsu suka zaro wayoyi. Tsohon ya miƙo mini tawa ya ce, “To Malam, a ƙarasa addu'ar, ai ba a barin ta a rataye.” Na ƙarasa, kuma ban taɓa yin addu'a mai gajarta irin ta ranar ba.

A mota Baffa bai ce mini uffan ba sai da muka kusa gida. Na yi ƙoƙarin kare kaina da tarihi. Na gaya masa cewa a 2014 an yi tashen wani wasa mai suna Flappy Bird, tsuntsu ne kawai ake taɓawa ya ratsa tsakanin bututu, babu ko sisi da ake ba ɗan wasa, amma duniya ta rikice a kansa har wanda ya ƙirƙire shi, Dong Nguyen ɗan ƙasar Vietnam, ya janye shi da kansa a watan Fabrairu saboda ya ga yana kama mutane fiye da kima, alhali an ruwaito yana samun kusan dala 50,000 a rana daga talla. Na ce masa shi wannan ɓeran ma har wani babban hafsan sojan Iran, Habibollah Sayyari, ya fito ya kira shi makamin yaƙin ruwan sanyi na Yammacin duniya, don haka abin da ya tayar da hankalin babban hafsa ba ƙaramin abu ba ne. Na tuna masa yadda shi kansa yake kwana yana wasan maciji a Nokia 3310. Baffa ya ce shi bai taɓa yin maciji a zauren surukai ba.

An raba sulallan ranar 26 ga Satumba ga mutum miliyan 131 da aka ce sun cancanta, kuma da yawa sun tarar kasonsu 'yan daloli ne. Ni ba ni da ƙorafi a kan wannan, tunda babu wanda ya rubuta mini alkawarin adadi. Ƙorafina yana kan mai caji. An ɗaura auren bayan damuna, shi aka sa rabon katin gayyata a layinmu, kuma da ya kawo nawa sai da ya tambaye ni ko na ji labarin wata sabuwa da ake cewa za ta fashe kafin azumi. Na ce masa ban ji ba. Yanzu can bakin kasuwa nake kai caji, ko da yake nasu ya fi tsada da naira hamsin.