A miƙa wa ɗalibin lafiya waya a ɗakin jarrabawa

A unguwannin Hausawa na Gadarif da Kassala da Maiwurno a ƙasar Sudan, duk gidan da ke da ɗa ko 'ya a makarantar likitanci, ko ta jinya, ko ta unguwarzoma, tun daga shekarar farko an riga an naɗa masa rawanin "dakta". Saƙon murya ya shigo WhatsApp cewa ga maganin kwalara, sai gwaggo ta tura masa: duba mana, gaskiya ne? Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 asibitoci da yawa suka rufe, wannan nauyi ya ƙaru a kan yaran da ko allura ba a yarda su yi su kaɗai ba. Su kuma intanet suke komawa neman amsa. To wa ya taɓa gwada su a gani ko sun iya neman?

Yadda aka saba aunawa shi ne a raba takardar tambayoyi. Wadda ta fi shahara ita ce eHEALS, da Cameron Norman da Harvey Skinner suka fitar a Kanada a 2006. Tambayoyi 8 ne, ɗalibi ya faɗi yadda yake ganin kansa: na san inda zan samu bayanin lafiya mai amfani, na iya bambance mai kyau da marar kyau. Wane saurayi ne mai waya a hannu zai ce bai iya ba? A 2011 masu bincike a Holan sun kwatanta makin da mutane suka ba kansu da abin da suka iya da aka zaunar da su gaban kwamfuta, sai suka ga biyun ba sa tafiya tare. Takardar ƙarfin gwiwa take aunawa, alhali a harkar magani mai ƙarfin gwiwa da bayanin banza ya fi kowa haɗari.

Karatu mai zurfi ma ba ya tsare mutum. A Jami'ar Stanford ta Amurka, Sam Wineburg da Sarah McGrew sun ba ɗalibai da malaman tarihi da ƙwararrun masu tantance labarai shafuka biyu: na babbar ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar, da na wata ƙarama mai kama da ita a suna wadda ta ɓalle daga cikinta. Mafi yawan ɗaliban ƙaramar suka fi amincewa da ita, don sun tsaya suna kallon tambari da kyan tsari. Masu tantancewa kuwa ba su daɗe a shafin ba, suka fita suka binciki abin da wasu ke faɗa game da masu shi. Wannan ɗabi'a koyar da ita ake yi, kuma ana iya ganinta da ido idan ɗalibi yana yi.

Shi ya sa nake ganin wurinta shi ne jarrabawar OSCE, wato ta gwada aikin asibiti a aikace, wadda Ronald Harden ya ɓullo da ita a Dundee a 1975, kuma ɗaliban likitanci a Sudan sun san zafinta: tasha bayan tasha, malami na tsaye da takardar maki. A ƙara tasha ɗaya. A miƙa wa ɗalibi waya da saƙon murya mai cewa mai zazzaɓin dengi ya sha asfirin ko ibuprofen jikinsa zai saki, a ba shi minti 10. Daidai amsar sananniya ce, waɗannan magunguna suna ƙara haɗarin zubar jini, farasitamol ake bayarwa. Amma rabin makin ya tafi kan hanyar da ya bi. Ya tsaya a abin da ya fara fitowa a Google ne, ko ya nufi shafin Hukumar Lafiya ta Duniya ko na ma'aikatar lafiya? Ya duba shekarar rubutun? Idan manhajar ƙirƙirarriyar basira ya tambaya, ya bi sawun amsar zuwa tushenta? Duba kwanan wata ba ƙaramin abu ba ne: mujallar Lancet da kanta ta buga bincike kan ba masu korona maganin hydroxychloroquine a watan Mayun 2020, ta janye shi a watan Yuni, amma hoton shafin farko ba ya janyuwa daga wayoyin mutane.

Sauran makin kuma a ajiye shi ga bayani. A zaunar da wata a matsayin uwa, ɗalibi ya gaya mata da Hausa ko Larabcin gida yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan ta ce ita bagaruwa ta sani, kamar yadda aka yi ta turara ta a gidaje lokacin korona, a ga ko zai iya karkato da ita ba tare da ya raina ta ba. Galibin bayanin kirki da Turanci yake, kaɗan da Larabci, na Hausa kuwa sai an tona. Ɗalibin nan shi ne tafinta, ya so ko ya ƙi.

Za a ce ana ta kai wa yake ta kaya. Jami'ar Jazira, wadda tun kafuwarta a 1975 aka san kwalejin likitancinta da fita da ɗalibai ƙauyuka, ta rasa mazauninta na birnin Wad Madani daga Disambar 2023 zuwa Janairun 2025. An katse intanet a yawancin ƙasar a Fabrairun 2024. Duk gaskiya ne. Sai dai yaƙin nan ne ya tarwatsa azuzuwa ya mayar da darussa cikin Telegram da WhatsApp, ya kuma raba ɗalibai da laburare da malamin da za su tare a baranda su yi wa tambaya. Tashar da nake magana ba ta buƙatar gini ko injin gwaji, waya ɗaya ce mai caji da malami ɗaya. Inda babu sabis ranar jarrabawa, a sauke shafuka 5 tun da wuri, a cakuɗa na gaskiya da na 'yan tallan magani, a ce ya zaɓi wanda zai dogara da shi, ya faɗi dalili.