To, yaya za a biya mai kayan?

Rahotonku kan yarjejeniyar cinikin intanet da shugabannin Afirka suka amince da ita a Addis Ababa a Fabrairun 2024, ƙarƙashin AfCFTA, wato shirin ciniki maras shinge na nahiyar Afirka, ya yi kyau. Amma kun tsallake abin da ya fi ci wa ɗan kasuwa tuwo a ƙwarya, wato biyan kuɗi.

Mai atamfa a Kantin Kwari yana samun mai saye daga Kumasi ta WhatsApp nan take. To a biya shi fa? Sai kuɗin sun ratsa hannun 'yan canji, kowa ya yanki nasa. Shi ya sa Afreximbank, bankin shige da ficen kaya na Afirka, ya ƙaddamar da PAPSS, wato tsarin biyan kuɗi tsakanin ƙasashen Afirka, a Accra a Janairun 2022: mai saye ya biya da sidi, mai kaya ya karɓi naira, ba sai an bi ta dala ba. Ƙasa ɗaya ba ta isa ta yi wannan ita kaɗai ba, sai manyan bankunan ƙasashe sun yarda da ƙa'ida ɗaya. Haka ma takardun kaya: in kwastan a nan sun karɓi waɗanda aka turo ta waya, na can ma su karɓa.

Ku binciko mana, bankuna nawa ne a Kano ke bayyana wa 'yan kasuwa wannan tsarin da Hausa?