Mbaazi ba ya son gaggawa

A Mombasa da Lamu da Zanzibar, garuruwan Sawahili na gaɓar tekun Gabashin Afirka, tun bayan sallar asuba mata ke fito da tukwanen mbaazi bakin titi, da kwanon mahamri mai zafi a gefe. Mbaazi wani irin wake ne da ke fitowa a ɗan ƙaramin itace, wanda Ibo ke kira fio-fio. Ana jiƙa shi ya kwana, a dafa har ya yi laushi, sannan a zuba masa madarar kwakwa da albasa da ɗanyen barkono. Wasu kan ƙara kurkur. Mahamri kuwa ƙullin fulawa ne da yis da kadamon (wani kayan ƙamshi na girki) da madarar kwakwa, a yanka shi mai kusurwa uku a soya. Yakan kumbura, cikinsa ya zama rami, sai ka ɓare shi ka cusa waken a ciki, ka kora da shayi.

Masu cewa wannan abinci ya yi nauyi da safe ba na jayayya da su sosai. Wanda ya saba karyawa da waina da miyar taushe ya san amsar. Mai dakon kaya a tashar jiragen ruwa ba zai kai azahar da yankan burodi biyu ba.

Inda nake da magana shi ne madarar gwangwani da garin kwakwa na leda da suka cika shaguna. A girkin Sawahili sau biyu ake tatsar kwakwa. Mace za ta zauna a kan mbuzi, wata 'yar kujera mai haƙoran ƙarfe a baki, ta kankare kwakwar tas. Matsar farko ita ce mai kauri, sai a ajiye ta gefe. A ƙara ruwa a tuƙar a sake matsewa, a samu mai tsinkewa. Da wannan ta biyun ake dafa waken, ya sha ta har cikinsa. Mai kaurin sai an kusa saukewa take shiga, a rage wuta, ana juyawa, don idan ta tafasa da ƙarfi sai ta kece, mai ya taso sama. Gwangwani kauri ɗaya ne da shi. Ka zuba da wuri ya kece, ka zuba a makare waken ya zauna salam a cikin farin romo.

Na san uzurin: aiki, makarantar yara, tsadar gawayi. Ban ga laifin matar da ta buɗe leda ranar Litinin ba, Allah ya sani. Amma mai sayarwa a bakin titi, wadda sana'arta ke nan, idan ta koma garin leda, to ya kamata ta rage kuɗin kwano.

Wani abin takaicin ma, Tanzaniya da Malawi da Mozambik suna noma wannan wake da yawa, amma kaso mai tsoka jirgi ke kwashe shi zuwa Indiya, inda ake ɓare shi a yi miya.