Ga wadda mijinta da aminiyarta suka ci amanarta

'Yar'uwa, ciwo biyu ne ya haɗu miki lokaci guda. Da miji kaɗai ne ya yi, da aminiya za ki kai wa kukanki. To ga shi ita ce, wadda kuke cin tuwo a kwano ɗaya, wadda ta san sirrinki har na ɗaki. Don haka kar ki bari a rufe miki baki da "ai maza haka suke". Zina ce da cin amana. Kuma ki daina cewa laifinki ne da kika saba mata da gidanki. Karrama baƙo ba laifi ba ne.

Amma don Allah ki ajiye wayar nan. Na san hannunki na ƙaiƙayin ɗora hotunan hirarsu a Facebook ko TikTok, duniya ta gani. A Suratun Nur, aya ta 4, wanda ya jefi mutum da zina bai kawo shaidu huɗu ba bulala 80 ce hukuncinsa, kuma hirar WhatsApp ba shaidu huɗu ba ce. Sai a wayi gari ke da aka zalunta ke ce a gaban alƙali. Ga 'ya'yanki, za su girma su tarar da abin yana yawo, abokansu na nuna musu. Ruwan zafi da wuƙa da zuwa wajen boka kuwa, wallahi ba su kai ki sayar da 'yancinki da imaninki saboda su ba.

Kafin ki yanke komai, ki je asibiti a yi miki gwajin ƙanjamau da ciwon hanta, ki maimaita bayan wata uku. Babu abin kunya a nan. Ko a Kano, tun 2024 doka ta wajabta irin wannan gwaji kafin a ɗaura aure.

Zama ko rabuwa, ke za ki zauna da sakamakon, ba gwaggo ba, ba ƙawayen unguwa ba. Suratun Nisa'i, aya ta 35, ta ce a ɗauko mutum ɗaya daga danginsa, ɗaya daga naki, su yi muku sulhu. Ki zaɓi mai hankali da riƙe sirri, ba mai rura wuta ba. In ya tuba da gaske kuma zuciyarki ta iya, zaman ba wauta ba ne. In kuma ganinsa kaɗai na hana ki barci, shari'a ta ba ki khul'i, ki mayar da sadaki ki samu kanki, ga Hisbah ga kotu. Abin da ke ɗaure mata da yawa shi ne barazanar ƙwace yara. Ki sani a mazhabar Malikiyya riƙon yaro na hannun uwa har ya balaga, yarinya har ta tare a gidan mijinta, matuƙar uwar ba ta yi wani aure ba, kuma ci da sha da suturarsu na wuyan uba.

Abin da na fi ji miki tsoro shi ne auren huce haushi. Idda na ƙarewa a karɓi wanda ya fara sallama, don kawai tsohon miji ya ji zafi. Shi bai ji komai ba, ke kuma kin shiga wani ɗakin da ciwon da bai warke ba. Ki ba kanki lokaci. Ki kama sana'a, ki shiga adashi, ki koma makarantar da kika ajiye, kuɗin hannunki ya zama naki.

Ita kuwa aminiyar, kina iya yafe mata don Allah ba tare da ta sake taka ƙofar gidanki ba. Annabi (SAW) ya ce ba a saran mumini sau biyu a rami ɗaya. Sai dai kar ki hukunta sauran ƙawayenki da laifinta. Ki nemi guda ɗaya mai tsoron Allah, ko yayarki, ki zauna ki faɗa mata komai, ki yi kukanki.